Yadda Ake Shirya Zanga-zangar Kare Teku da Yanayi Har Ta Haifi Ɗa Mai Ido

Tara jama'a a kan titi shi ne mafi sauƙi a wannan aiki. Mutanen da malalar mai ta kashe musu kifi, ko igiyar ruwa ta cinye musu gidaje, ba sai an roƙe su su fito ba. Wuyar tana bayan an naɗe ƙyallaye kowa ya kama gabansa. Shin masana'antar ta daina zubar da dagwalo a ruwa? An sa hannu a dokar? Zanga-zangar muhalli da yawa a hoto suke ƙarewa, a yi ta yaɗa shi kwana biyu a Facebook, sannan hukuma ta ci gaba da sha'aninta kamar ba a yi ba. Waɗanda suka ga biyan buƙata sun ɗauki ranar fita titi a matsayin rana ɗaya tak cikin aikin watanni, wani lokaci ma shekaru. Wannan jagorar za ta bi aikin daki-daki, tun daga zaman farko na mutum biyar ko shida har zuwa bibiyar alkawari.

Mataki na ɗaya: ku san abin da kuke karewa

Ba sai kun zama masana kimiyya ba, amma akwai 'yan abubuwan da duk wanda zai riƙe kwali ya kamata ya iya faɗa ba tare da in'ina ba. Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa. Shi ke shanye sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ƙona fetur da gas da kwal ke jawowa, kuma yana haɗiye kusan rubu'in iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Wannan hidima da kuɗinta: ruwan da ya ɗumama yana kumbura, ƙanƙarar da ke narkewa tana ƙara masa yawa, har tekun ya tashi da kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau, kuma tashin yana ƙara sauri. Tsamin ruwan ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu, abin da ke cutar da murjani da halittu masu ɓawo. Kifaye kuma suna ƙaura zuwa inda ruwa ya fi sanyi, su bar masunta da komar da ba komai. Sai roba, wadda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 11 na shiga teku duk shekara.

A Faris cikin 2015 ƙasashen duniya suka amince su yi ƙoƙarin kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Shekarar 2024 ce ta farko da aka kwashe ta cur a saman wannan layin. Waɗannan sun isa. Ku haddace su, ku ajiye inda kuka samo su, saboda ranar da ɗan jarida zai ce "ina hujjarku?"

Mataki na biyu: buƙata ɗaya, da sunan wanda zai sa hannu

A nan ne mafi yawan yunƙuri ke mutuwa tun kafin a haife shi. "A ceci teku" taken waƙa ne. Babu minista ko shugaban kamfanin da zai tashi da safe ya aiwatar da shi, babu kuma yadda za a ce ya gaza. Buƙatar da ke aiki ita ce wadda za a iya amsa ta da "an yi" ko "ba a yi ba": a soke lasisin haƙar mai a wannan yankin na ruwa, a hana manyan jiragen kamun kifi shiga ruwan ƙananan masunta, a rufe wannan bututun da ke kwarara cikin teku, majalisa ta tabbatar da yarjejeniyar da gwamnati ta riga ta rattaba wa hannu.

Ku zauna ku rubuta amsar tambayoyi uku. Me muke so a yi? Wa ke da ikon yi? Zuwa yaushe? Idan amsar ta biyu "gwamnati" ce, ba ku gama ba. Wace ma'aikata, wane ofishi, wane mutum ne alƙalaminsa zai taɓa takardar? Sannan ku ƙara ta huɗu, wadda ba a cika yi ba: me wannan mutumin yake tsoro? Ɗan siyasa ƙuri'a yake tsoro, kamfani ciniki da masu hannun jari, jami'in gwamnati kuwa kotu da tambayar majalisa.

Labarin Brent Spar ya nuna wannan sarai. Wata katafariyar rumbun ajiyar mai ce ta kamfanin Shell a Tekun Arewa, wadda ta gama aiki, kamfanin ya shirya nutsar da ita a zurfin Atlantika da amincewar gwamnatin Birtaniya. A ƙarshen Afrilun 1995 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka hau kanta suka tare. Hotunan yadda ake yi musu feshin ruwa da manyan mesa sun zagaye Turai, amma abin da ya karya lagon kamfanin a Jamus ya faru, inda masu motoci suka ƙaurace wa gidajen mansa, ciniki ya faɗi warwas. Ranar 20 ga Yuni kamfanin ya janye, duk da cewa gwamnatin Birtaniya na nan tana kare shirin. An ja rumbun zuwa Norwe aka wargaza ta a tudu, kuma a 1998 ƙasashen yankin suka haramta nutsar da irin waɗannan kayan aiki a teku. Buƙatar ɗaya ce, kada a nutsar da wannan abu, kuma an matsa wa kamfanin ta inda ya fi jin zafi.

Ba sai kuna da jiragen ruwa ba. A Kenya, wani mai ɗaukar hoto daga Nakuru, James Wakibia, ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan leda a magudanan ruwa yana wallafawa, da kira ɗaya ga ministar muhalli Judi Wakhungu: a hana ledar nan. Ranar 28 ga Agustan 2017 haramcin ya fara aiki, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu. Ba shi kaɗai ya jawo hakan ba, amma bai taɓa barin maganar ta watse zuwa wasu abubuwa goma ba.

Za a samu wanda zai ce a zaman, ai matsalar ta fi haka girma, me rufe bututu ɗaya zai yi wa ɗumamar duniya? Gaskiyarsa. Sai dai jama'ar da ba ta taɓa ganin nasara ba, ko ƙarama, ba ta dawowa karo na uku.

Mataki na uku: hujjar da ba ta karyewa

Gani ya kori ji. Kafin ku kira kowa titi, ku je wurin da ɓarnar take ku tattara shaida. Hoto da bidiyo masu kwanan wata, daga wuri ɗaya, mako bayan mako, domin a ga yadda abin ke ƙaruwa. Maganar mutanen da abin ya shafa da bakinsu, bayan kun nemi izininsu. Idan ruwa ne ya gurɓace, ku nemi ɗakin gwaji na jami'a ko mai zaman kansa ya auna, kuma ku bi ƙa'idarsu wajen ɗibar samfurin, in ba haka ba lauyan kamfani zai watsar da shi cikin minti ɗaya.

Idan kuma sharar gaɓar teku za ku kwashe, kada ku tsaya ga cika buhuna. Ku shimfiɗa tamfol, ku zazzage, ku ware: gorunan roba a nan, murafunansu a nan, leda, guntun koma, takalma. Mutum ɗaya da safar hannu yana juya kowace gora yana karanta sunan kamfanin da ke jiki, wani yana zaune da littafi yana jan layi a gaban kowane suna. Da yamma za ku tashi da jerin sunaye da adadi, wanda za a iya aika wa kamfani da hukuma. Irin wannan ƙidaya ce gamayyar Break Free From Plastic take yi a ƙasashe da dama tun 2018, kuma shekara da shekara sunan Coca-Cola ke fitowa a sahun gaba. Shara ba tare da ƙidaya ba wanke wa mai laifi laifinsa ne kyauta.

Kada ku ƙara gishiri. A rikicin Brent Spar ɗin nan, Greenpeace ta ce akwai sauran mai kimanin tan 5,500 a cikin rumbun. Dole ƙungiyar ta ba da haƙuri a watan Satumbar shekarar bayan ta gano kuskure a awonta, da aka auna kuma sai aka ga abin da ke ciki bai kai ko kusa da haka ba. Ta riga ta ci nasara, amma an yi shekaru ana yi mata gori da wannan adadin. Ƙungiya ƙarama ba ta da ƙarfin jure irin wannan. Adadin da ba ku tabbatar ba, ku bar shi a gida.

Mataki na huɗu: su wa za su tsaya a gaba

Masunta, mata masu ƙyafe kifi da sayar da shi, mazauna bakin ruwa, masu kwale-kwale. Su ne masu magana, ɗalibai da 'yan ƙungiya masu rakiya ne. Ku je musu tun kuna shawara, ba bayan kun buga riguna ba. Sau da yawa za ku tarar buƙatarsu ta ɗan bambanta da taku. Ku kuna maganar hayaƙin kabon, su suna maganar jirgin da ke yayyaga musu koma da dare. Ku fara da tasu. Kuma ku yi hattara da buƙatar da za ta toshe wa talaka hanyar abinci: kiran a killace wani yanki na teku ba tare da an zauna da masu kamun kifi a wurin ba zai mayar da abokan tafiyarku abokan gaba.

A Afirka ta Kudu, lokacin da Shell ya shirya binciken mai a gaɓar da ake kira Wild Coast, da na'urorin da ke harba ƙara mai tsanani cikin ruwa kusan duk daƙiƙa goma, an yi gangami a bakin teku a garuruwa da dama. Amma waɗanda suka tsayar da jirgin su ne mutanen ƙauyukan gaɓar, irin su Nonhle Mbuthuma da Sinegugu Zukulu, da suka shiga kotu suka ce ba wanda ya tuntuɓe su yadda doka ta tanada. A Disambar 2021 kotun Makhanda ta dakatar da aikin, a Satumbar 2022 kuma ta soke izinin, kodayake an ci gaba da kai ruwa rana a kotunan sama. Da 'yan birni ne kaɗai suka shigar da ƙarar, wannan hujjar ba ta hannunsu.

Wani abu kuma, ku kula da wa ake gani a hoto. A Janairun 2020 wani kamfanin dillancin labarai ya datse Vanessa Nakate, 'yar gwagwarmayar yanayi daga Yuganda, daga hoton da ta ɗauka da wasu 'yan gwagwarmaya Turawa huɗu a garin Dabos na ƙasar Suwizalan. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma tana cikin masu ɗanɗana kuɗa. Abin da aka yi wa Nakate a waje, ƙungiyoyi na yi wa masuntansu a cikin gida ba tare da sun lura ba.

Mataki na biyar: doka

Taron lumana haƙƙi ne. Yana cikin sashe na 21 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, da sashe na 11 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. A 2020 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace cewa hukuma na iya neman a sanar da ita, amma tilasta neman izini na rage wa haƙƙin ma'ana, kuma ta'asar wasu tsiraru ba ta mayar da taron gaba ɗaya haramtacce. A Yulin 2022 babban zauren majalisar ya amince cewa muhalli mai tsabta da lafiya shi ma haƙƙin ɗan Adam ne.

Wannan a takarda ke nan. A kan titi, dokar ƙasarku da halin jami'in da ke bakin aiki ne za su yi magana. Don haka ku samu lauya tun da wuri, ya karanta muku dokar taro ta inda kuke. Ku rubuta wa 'yan sanda wasiƙar sanarwa mai ɗauke da rana, lokaci, hanyar da za a bi da sunan mutum biyu da za a tuntuɓa, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku yi kwafi da yawa. Ku guji wuraren da doka ta killace kamar cikin tashar jiragen ruwa, matatar mai da sansanin soja, sai dai ku tsaya daga waje. Idan a kan ruwa za ku yi, dokokin sufurin ruwa na nan daban, kuma rigar ceto wajibi ce ga kowa, har wanda ya ce a ruwa aka haife shi.

Mataki na shida: wane salo

Jerin gwano ba shi kaɗai ba ne, kuma ba lallai da shi za a fara ba. Tsarin da ya fi hankali shi ne hawa tsani: takardar koke da sa hannun jama'a, neman ganawa, taron manema labarai, gangami, sannan zaman dirshan ko ƙauracewa. Kowane mataki yana ba ku hujjar na gaba. Ranar da aka ce "me ya sa ba ku zo mun tattauna ba?" sai ku ɗaga wasiƙu uku da aka yi kunnen uwar shegu da su.

Ƙarancinku kada ya karya muku gwiwa. Greta Thunberg ita kaɗai ta zauna a gaban majalisar dokokin Suwidin a Agustan 2018 tana neman a ɗauki mataki kan sauyin yanayi, tana da shekara 15. Abin da ya yi aiki naci ne: wuri ɗaya, kwali ɗaya, kowace Juma'a, har zuwa Satumbar 2019 da miliyoyin mutane suka fito a faɗin duniya. Mutum goma da ke dawowa duk mako sun fi damun ofishi fiye da dubu da suka zo sau ɗaya.

Batun toshe hanya kuwa yana buƙatar dogon tunani, kuma ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. A Afrilun 2019 'yan ƙungiyar fafutukar yanayi ta Extinction Rebellion suka mamaye manyan mahaɗun Landan, aka kama sama da 1,000, kuma ranar 1 ga Mayu majalisar dokokin Birtaniya ta ayyana yanayi a matsayin matsalar gaggawa. Wata shida bayan haka wasu daga cikinsu suka hau rufin jirgin ƙasa a tashar Canning Town da sassafe, unguwar ma'aikata masu neman na yau da gobe. Fasinjojin da kansu suka finciko su ƙasa, kuma wannan hoton ya ɓata abin da aka daɗe ana ginawa. Bambancin a fili yake. Takura wa mai yanke hukunci daban, takura wa mai sauri zuwa wurin aiki ko asibiti daban. Ku tambayi kanku kafin kowane mataki: wa zai sha wahalar wannan, kuma shi ne mai laifin? Ku san kuma cewa gwamnatoci sun tsananta. A Yulin 2024 wata kotun Ingila ta yanke wa mutum biyar 'yan Just Stop Oil, ƙungiyar da ke adawa da haƙar mai, ɗaurin shekara huɗu zuwa biyar saboda shirya toshe babbar hanyar da ta kewaye Landan. Duk wanda zai karya doka da gangan, ya yi da idonsa a buɗe, kada a ja yara ko waɗanda ba su san hukuncin ba.

Tashin hankali kam babu shi a lissafi. Masu bincike Erica Chenoweth da Maria Stephan sun duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka ga na lumana sun yi nasara da kashi 53 cikin 100, masu makami kashi 26. Nasu binciken kan kifar da mulki da neman 'yanci ne, ba kan muhalli ba, amma dalilin ya shafe ku: inda ake jifa, tsoho da mai goyo ba sa zuwa, kuma su ne ke sa a ji nauyin taro.

Mataki na bakwai: ranar kanta

Ku raba aiki da suna, a rubuce, mako ɗaya kafin ranar. Kakaki ɗaya ko biyu. Mai magana da 'yan sanda, wanda ba ya saurin fushi, yana riƙe da wasiƙar nan mai hatimi. Masu kula da layi da riga mai launi ɗaya da ake hangowa daga nesa, a gaba da baya da gefe biyu, misali ɗaya ga kowane mutum ashirin ko talatin. Masu agajin gaggawa. Masu ɗaukar bidiyo, ɗaya daga cikinsu a waje da taron, daga wuri mai tudu. Sai mutum ɗaya da zai zauna a gida da waya da jerin sunayen kowa, wanda aikinsa kawai ya san wa ya dawo, wa bai dawo ba, ya kira lauya.

Kwana ɗaya kafin nan ku taka hanyar da ƙafa. Ina inuwa, ina lungun da zai matse jama'a, ina mafita biyu idan aka watsa taro, ina za a sake haɗuwa. Kowa ya zo da abokin tafiya, kada su rabu. A rubuta lambar lauya da biro a damtse, domin waya ita ce farkon abin da ake ƙwacewa. A kulle wayar da lambobin sirri maimakon yatsa ko fuska. Mai shan magani kullum ya zo da shi. Idan aka harba barkonon tsohuwa, kada a ruga, a yi tafiya da sauri zuwa inda iska ke fitowa, kada a murza ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za a iya turo muku 'yan daba, ko wani baƙon fuska ya fara ihun a fasa gilashi. Ku yi atisayen wannan tun kafin ranar: da an busa usur, kowa ya zauna a ƙasa. Wanda ya rage a tsaye da dutse a hannu ya fito fili, kyamara na kallonsa, masu kula da layi su kewaye shi su raka shi waje ba tare da duka ba.

Kwalayenku su ɗauki buƙatar nan guda, da manyan baƙaƙe, kalma biyar ko shida, cikin harshen da mutanen wurin ke ji. Ku fara a kan lokaci, ku tashi kafin duhu, ku sanar da tashin da bakinku domin duk abin da ya faru bayan nan ba da sunanku ba ne. Kuma don Allah ku kwashe shararku. Babu abin da ke faranta ran abokin hamayya kamar hoton filin da masu kare teku suka bari cike da gorunan roba.

Game da 'yan jarida, ku aika musu sanarwa mai shafi ɗaya kwana biyu kafin taro, ku sake kira da safe. Kakaki ya iya faɗin buƙatar cikin daƙiƙa ashirin, ya maimaita ta ko me aka tambaye shi. Ku ba su abin ɗauka: tulin robar da kuka ƙirga, komar da ta yage, jerin kwale-kwale. Ranakun da duniya ta riga ta sa ido, kamar 22 ga Afrilu ranar Duniya, 5 ga Yuni ranar muhalli da 8 ga Yuni ranar teku, suna sauƙaƙa samun fili a labarai, amma ranar da majalisa za ta zauna kan batunku ta fi su duka.

Maganar da ba a so a yi

Wannan aiki yana cin rai. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai, sama da 2,000 kuma daga 2012. A Yulin 1985 jami'an leƙen asirin Faransa suka dasa wa Rainbow Warrior, jirgin ruwan Greenpeace, bam a tashar Okland ta Niyu Zilan, mai ɗaukar hoto Fernando Pereira ya mutu. Ken Saro-Wiwa ya jagoranci Ogoni kimanin 300,000 a tattakin lumana ranar 4 ga Janairun 1993 kan ɓarnar mai, aka rataye shi da wasu takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Sai a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da girman ɓarnar, ya ce gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Saboda haka kada ƙungiya ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Ku yawaita fuskoki, ku riƙa sauya kakaki. Duk barazanar da ta zo, ta waya ko ta baki, a rubuta ta da rana da lokaci, a sanar da lauya da wata ƙungiyar kare haƙƙi ta waje. A wasu wuraren fita titi kasada ce da ba ta dace ba, kuma zaɓar kotu ko rubutu ko rediyo a irin wannan hali ba tsoro ba ne.

Mataki na ƙarshe: washegari

Cikin kwana biyu ku zauna. Kowa ya dawo? Akwai wanda ke tsare? Wannan ke gaba da komai, kada a bar mutum ko ɗaya a hannu ana murnar hotuna. Sannan ku duba me ya tafi daidai, me ya kwaɓe. Ku kira sababbin fuskokin da suka ba da lambobinsu, ku ba kowa ɗan aiki cikin makon, in ba haka ba sun tafi ke nan.

Idan an karɓi takardarku aka ce "za mu duba", ku nemi sunan jami'i da ranar amsa, ku wallafa su. Kafa kwamiti tsohuwar dabara ce ta kwantar da ƙura, don haka ku nemi kujera a ciki da wa'adi a rubuce. Romon baka ba ya shiga lissafi sai ya zama takarda mai sa hannu.

Ku kuma koyi mayar da ƙarfin titi zuwa ɗakunan da ake yanke hukunci. A Holan ƙungiyar Urgenda ta kai gwamnatinta ƙara, kuma a Disambar 2019 kotun ƙoli ta umarci a rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da 1990. A 2019 ɗaliban shari'a 27 na Jami'ar Kudancin Fasifik suka fara kiran a kai batun yanayi kotun duniya. Suka shawo kan gwamnatin Vanuatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ita kuma ta shawo kan babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris ɗin 2023, kuma ranar 23 ga Yulin 2025 kotun duniyar da ke Heg ta ce wajibi ne a kan ƙasashe su kare yanayi, wanda ya gaza kuma ana iya neman sa da diyya. Kafin nan, a Mayun 2024, kotun dokokin teku da ke Hambog ta ce hayaƙin da teku ke shanyewa gurɓata teku ne a idon doka. Waɗannan biyu na Heg da Hambog ra'ayoyin shawara ne, ba su da ɗan sandan da zai tilasta su, amma lauyanku na iya kafa hujja da su a kotun gida.

Haka yarjejeniyoyi. Ta kare tsakiyar teku, wato ruwan da ba na kowace ƙasa ba wanda ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, an amince da ita a 2023 bayan kusan shekara ashirin ana tattaunawa, ta samu ƙasashe 60 da ake buƙata a Satumbar 2025, ta fara aiki a Janairun 2026. Ta roba kuwa, wadda aka ƙudura fara tattaunawa a kanta a Nairobi cikin Maris ɗin 2022, an tashi baram-baram a Busan a ƙarshen 2024, aka sake watsewa a Janiba cikin Agustan 2025, galibi kan ko za a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa. Ku bincika matsayin ƙasarku a kan kowacce: ta sa hannu, majalisarta ta tabbatar, wa ya wakilce ta a zaman, me ya ce? Amsoshin na nan a shafukan Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga cikinsu za ku iya fitar da buƙatarku ta gaba, da sunan ofishin da za a kai wa ita da ranar da za ku koma karɓar amsa.